Mota na karkarwa ko mutuwa a silo bayan an yi aikin inji: yadda za ka bi ka gano matsalar

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga direbobinmu na Jidda da Makka har da na Madina: an kai mota warsha, wato garejin gyara, an canza gaskit, ko an sauke inji gaba ɗaya an yi masa taudib, wato an kwance shi an sabunta kayan cikinsa, an biya kuɗi masu nauyi, amma da an tsaya a danja sai ta kama karkarwa, ko allurar RPM mai nuna saurin juyin inji ta riƙa hawa tana sauka ita kaɗai, wani ma da ya kunna AC sai ta mutu a tsakiyar titi ana ta danna masa hon. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta matakan a jere.

Abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne, motar da silonta, wato aikin inji tana tsaye ba a taka totur ba, ke lafiya lau kafin ta shiga warsha, ta fito da matsala, to matsalar tana wajen da hannu ya taɓa. Kar ka fara da sayen kaya. Wallahi abin na ba ni takaici in ga bawan Allah ya sayi fulogi, ya sayi koyil huɗu, ya sayi famfon mai, ƙarshe a gano tiyo ɗaya ne siriri aka manta ba a mayar ba. Za mu fara daga abin da ba ya cin ko riyal ɗaya, mu gangara zuwa mai tsada. Bayanin nan na motocin fetur ne masu nozul da kwamfuta irin su Camry, Corolla, Yaris, Elantra, Accent, Sunny da Hilux mai fetur, dizal hanyarsa daban.

Kayan da za ka tanada

Tocila mai haske, sukundireba, filaya, sifanar fulogi, da mitar auna wuta. Sai ƙaramar na'urar OBD mai karanta kwamfutar mota, da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari ta haɗu da waya ta Bluetooth, irin ELM327, galibi ba ta wuce riyal 40 zuwa 80 ba. Gwangwanin wanke totur ɗaya, da gwangwanin wanke sensar iska daban, kowanne wajen riyal 15 zuwa 40 gwargwadon kamfani. In ba ka da OBD, duba kwamfuta a sana'iyya, wato unguwar masu gyaran mota, yana kamawa daga wajen riyal 50 zuwa 100, farashi dai ya danganta da shago da unguwa. Ni ina ganin sayen taka ya fi, don za ka buƙaci karantawa fiye da sau ɗaya.

1. Tambayi me aka kwance

Kafin ka buɗe bonet kira mu'allim ɗin, wato bakaniken da ya yi aikin, cikin mutunci, ka ce ya lissafa maka abin da aka cire: an cire batir? an ɗaga hedi? an taɓa sarƙa ko bel ɗin taimin? an wanke totur? an sa sabon gaskit a manifol ko tsohon aka mayar? Amsar nan ita ce za ta nuna maka matakin da za ka fi daɗewa a kai. Sannan ka lura da lokacin da matsalar ke zuwa, da sanyin safiya ne ko sai inji ya ɗau zafi, a P da N ne ko sai ka sa D ka taka birki, da AC ko ba AC.

Gargaɗi: idan warshar ta ba ka damani, wato garanti, a kan aikin, kar ka bari wani bakanike daban ya kwance komai. Dubawa da ido da karanta kwamfuta ba laifi, amma da wani ya sa sifana za a ce maka damani ya faɗi.

2. Bari ta yi zafi, ka karanta allura

Inji mai sanyi yana tashi da RPM wajen 1000 zuwa 1500, wannan ba ciwo ba ne, a hankali yake sauka. In ya ɗau zafinsa na aiki, yawancin motocin nan suna zama tsakanin 600 da 800 a tsaye cak. In ka kunna AC allura za ta ɗan nutse ta dawo, wata motar ma ta ɗan ƙara sama, wannan daidai ne. Wanda ba daidai ba shi ne ta zauna a 1000 ko sama bayan ta yi zafi, ko ta faɗi ƙasa da 500 tana neman mutuwa, ko ta riƙa lilo.

Akwai wani abu da ke ruɗar mutane: allura na tsaye daram a 700 amma sitiyari da kujera na rawa, musamman a D. Wannan sau da yawa kujerun inji ne, wato robobin da inji ke zaune a kansu, ko an ɗaure su a karkace lokacin mayar da inji ko ɗaya ta tsage. In haka ne injinka lafiyarsa ƙalau, kujera za a gyara.

Kar ka bar mota a kunne cikin rufaffen gareji kana wannan gwaji, gubar da ke cikin hayaƙin salansa tana kisa kuma ba ta wari.

3. Ido da hannu

Kashe mota, ɗauki tocila, ka bi duk wani soket da ke jikin inji ka danna shi har ka ji ya ce ƙas. Na sensar iska da ke bayan akwatin filta, na totur, na koyil ɗaya bayan ɗaya, na nozul, na sensar zafin ruwa, na sensar kam da ta karanshaf. Zafin ƙasar nan yana busar da robar soket, maƙallin ya karye lokacin cirewa, yaron shago ya tura shi kawai ya tafi, a ido kamar ya shiga alhali yana lilo.

Sai wayoyin ƙasa, waɗanda ake ɗaurewa da ƙusa a jikin hedi ko manifol ko bodi. Su aka fi mantawa bayan taudib, kuma waya ɗaya mai kwance tana iya sa kwamfutar mota ta riƙa karanta ƙarya daga sensa uku a lokaci ɗaya. Duba kan batir ma ko ya ɗauru. Da mita, batir mai lafiya yana ba da wajen 12.6 in mota na kashe, in tana kunne kuma 13.5 zuwa 14.5. In ya gaza haka, silo zai riƙa faɗuwa duk lokacin da fanka ko AC ta tashi, kuma laifin na caji ne.

Babban tiyon iska da ya taso daga filta zuwa totur, cire shi ka lanƙwasa a hannunka ka duba cikin ninkin, nan yake tsagewa ta ƙasa inda ido ba ya gani.

4. Karanta kwamfuta, kar ka goge

Ko fitilar cek ba ta kama ba, soka OBD, don akwai lambobin da ke jira ba su kai ga kunna fitila ba. Ɗauki hoton duk abin da ya fito kafin kowa ya goge. P0171 na nufin iska ta yi wa mai yawa, a inji V6 za ka iya ganin P0174 tare da ita. P0172 mai ne ya yi yawa. P0300 silinda na fashin wuta ba a tantance wacce ba, P0301 zuwa P0304 kuma sun nuna maka lambar silindar. P0505, P0506 da P0507 na silo ne kai tsaye. P0101 sensar iska. P0016 kuwa karanshaf da kam ba su jitu ba, in ka gan ta bayan an taɓa taimin tsallaka mataki na 9 kawai.

Lamba tana nuna unguwar da matsala take ne, ba ta cewa ka canza sensa. Wannan kuskuren shi ya fi cin kuɗin mutane, a ga P0171 a ruga a sayo sensar oksijin, alhali ita gaskiya ta faɗa.

Gargaɗi: in fitilar cek na ƙyaftawa, ba a tsaye take ba, daina tuƙi. Ɗanyen mai ne ke gangarawa salansa yana ƙona katalis, wato tukunyar tace hayaƙi, kuma kuɗinsa ya ninka na gyaran da kake nema, ga shi za ka sha wahala wajen fahas, wato binciken lafiyar mota na hukuma.

5. Iskar da ke shiga ta ɓarauniyar hanya

Nan ne zan daɗe, don a ganina nan yawancin matsalar take. A silo totur kusan a rufe yake, iskar da inji ke ja kaɗan ce, saboda haka ƙaramin rami a bayan sensar iska yana rikita lissafin kwamfuta gaba ɗaya. In ka taka totur iska ta yi yawa ramin ya zama ba komai, shi ya sa za ka ji mutum na cewa a kan hanyar Madina mota na gudu lafiya lau, sai ya tsaya take haukacewa.

A OBD ɗinka buɗe wajen bayanan kai tsaye ka nemo STFT da LTFT. Su ne ke nuna yawan man da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa. Haɗa su biyun. In jimlar na tsakanin ƙasa da sifili da 10 da sama da sifili da 10, ba laifi. In ta kai 15 ko 20 a silo, sai ka riƙe totur a RPM 2500 ka ga lambar ta sauko kusa da sifili, to iska ce ke shiga ta wani wuri, kusan ba shakka. In kuwa lambar ƙaruwa take yi da ka ba ta wuta, wannan ya fi kama da ƙarancin mai ko sensar iska mai datti.

Wuraren da za ka bi: tiyon PCV mai kwashe tururin cikin inji da ya fito daga murfin inji, babban tiyon da ke zuwa tukunyar birki, siraran tiyoyin da ke jikin manifol, bawul ɗin tururin tanki, gaskit ɗin totur, robobin bakin nozul, sai gaskit ɗin manifol kansa. Wannan na ƙarshen shi ne ake yawan mayar da tsoho a shafa silikon a ce ai zai riƙe, ko a ɗaure ƙusoshin ba a jere ba gefe ɗaya ya ɗaga. Kasa kunne za ka iya jin tsssss. Matse kowane tiyo da filaya a hankali, wanda ka matse silo ya gyaru to ta layinsa iskar ke shiga. In taka birki a tsaye yana canza silo sosai ko birkin ya yi tauri, duba tukunyar birki da tiyonta.

Wasu suna fesa maganin wanke totur a bakin gaskit su saurari canjin ƙarar inji. Yana aiki, amma abin nan yana kamawa da wuta, kar ka fesa kusa da manifol ɗin salansa ko koyil, kar ka yi da inji mai tsananin zafi, kuma abin kashe gobara ya kasance kusa da kai. Hanyar da ta fi aminci ita ce na'urar hayaƙi da wasu warsha ke da ita, a hura hayaƙi cikin manifol a ga inda yake fita. Kuma ka kula da ghutra, wato mayafin kai, ko hannun riga kusa da bel da fanka, fankar lantarki tana tashi ba sallama.

In mai gyara ya sa agogon auna zuƙa, inji mai lafiya a Jidda yana ba da 17 zuwa 22 a ma'aunin inHg kuma allurar a tsaye. A Ɗa'if ko Abha lambar za ta yi ƙasa da haka saboda tsawon wurin, kusan maki ɗaya a kowane mita 300, kar a tsorata ka da ita.

6. Totur da koya wa kwamfuta silo

In an cire batir tsawon kwanaki ko an wanke totur, kwamfuta ta manta lissafin da ta saba da shi. Da tana buɗe totur da yawa don ta rama dattin da ya taru, yanzu datti ya tafi, sai silo ya hau sama. Ko kuma akasin haka, an cire batir amma ba a wanke ba, ta koma lissafin sabuwar mota ga kuma datti, sai ta riƙa mutuwa. Da ƙurar da muke sha a nan totur ba ya daɗewa bai yi baƙi ba.

Wanke shi da tsumma da maganinsa, mota a kashe, makulli a waje. Kar ka tura faifan totur na lantarki da ƙarfi, kuma kar ka sa yatsa ciki makulli na kunne, yana iya datse ka. Sensar iska kuma maganinta daban, fesawa kawai ake daga nesa a bar ta ta bushe, ba a taɓa siririyar wayar da ke ciki da komai.

Bayan nan kunna mota, AC da fitilu da rediyo duk a kashe, bar ta ta yi zafi har fanka ta tashi, ka ƙara mata kamar minti 10 ba ka taɓa totur ba, sannan ka kunna AC ka ba ta wasu mintuna, ka fita ka zaga unguwa kana tsayawa kana tashi. Toyota da yawa da haka suke daidaita kansu. Nissan kuwa irin su Sunny da Altima suna da nasu tsarin na koyon iskar silo, gara a yi da kwamfutar warsha, minti kaɗan ne. Amma fa in akwai iskar ɓarauniya koyon ba zai zauna ba, shi ya sa mataki na 5 ya riga wannan.

Tsofaffin motoci masu wayar totur suna da bawul ɗin silo a gefe, shi ma a cire a wanke a duba gaskit ɗinsa.

7. Fulogi, koyil, nozul

In kwamfuta ta ce P0302 misali, ɗauke koyil na silinda ta 2 ka musanya da na ta 3, goge lambar tunda ka riga ka ɗau hoto, ka kunna. In ta koma P0303 koyil ne. In ta tsaya a 2 musanya fulogi. In har yanzu tana nan, saura nozul ko kwamfireshan, wato ƙarfin matsewar silinda. Kyauta ne wannan gwajin, kuma ya fi sayen huɗu a makance.

Fulogin da ya faɗi ƙasa a warsha bakinsa na iya rufewa ko farin jikinsa ya tsage. Duba ramin fulogi ko akwai baƙin mai a ciki, alamar robar murfin inji ba ta zauna ba. Motoci masu wayoyin fulogi kuma a tabbatar ba a sarƙe su ba, yawancin inji mai silinda huɗu jerinsa 1-3-4-2 ne. Kar ka kwance fulogi inji na da zafi, hedin alminiyam ne zaren na iya tafiya, kuma ka fara ɗaurawa da hannu kafin sifana.

Fulogi na jabu sun cika kasuwa cikin kwali mai kyau. In an ce maka iridiyam na asali a farashin da ya yi arha da yawa, bar shi. Koyil na tashlih, wato wajen sayar da kayan tsofaffin motoci, in na asali ne sau da yawa ya fi sabon jabu, amma ka nemi sharaɗin mayarwa in bai yi ba.

8. Iska a cikin ruwan lagireto

Duk aikin da aka zubar da ruwa, in ba a fitar da iska da kyau ba, kumfa na tsayawa a bakin sensar zafi ta riƙa ba kwamfuta labarin da ba shi ba, silo ya riƙa hawa da sauka. Duba zafin ruwa a OBD, inji mai zafi yana zama wajen digiri 85 zuwa 100 na Celsius, in ka ga lambar na tsalle ko ta tsaya ƙasa can, akwai magana. Da safe mota na sanyi buɗe murfin, cika, kunna da hita a buɗe, ka bar kumfa ta fita.

Kar ka taɓa buɗe murfin lagireto da zafi. In kuma kumfar ta ƙi ƙarewa, ruwa na raguwa, ga farin hayaƙi a salansa, to gaskit ɗin hedi bai zauna ba, mayar musu da motar a ranar.

9. Taimin

Haƙori ɗaya kacal in aka tsallake a sarƙa ko bel, mota za ta tashi, za ta yi tafiya, amma silo ba zai yi daɗi ba, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru, kuma za ka fi ganewa a hawan Hada in za ka Ɗa'if. Wannan ba aikin gida ba ne, a buɗe murfi a juya inji da hannu a daidaita alamomin a gabanka. Inji mai VVT kuma, wato mai sauya lokacin buɗe bawul da kansa, akwai ƙaramin bawul na mai da 'yar ragarsa, in an zabga silikon wajen haɗa inji guntayensa na toshe ta, kam ya maƙale a inda bai dace ba, mota ta riƙa karkarwa a tsaye. A cire a wanke, a duba yawan baƙin mai da kaurinsa ko shi ne wanda littafin motar ya ce.

Gargaɗi: in kana jin ƙarar ƙarfe daga wajen sarƙa, ko an ga P0016 tare da ƙara, kar ka ba ta wuta don gwaji. A injuna da yawa fistin na iya dukan bawul, aikin ya koma sabo.

10. Kwamfireshan

Shi ne na ƙarshe don shi ke nuna ko cikin injin kansa ne. Inji da ɗumi, a cire fulogi duka, a cire fiyus ɗin famfon mai, a auna kowace silinda totur a buɗe. Abin dubawa shi ne kar bambanci tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Wadda ta yi ƙasa a ɗiga mata ɗan baƙin mai a sake aunawa, in lambar ta tashi ring ne, in ba ta motsa ba bawul ne ko gaskit. Biyu maƙwabta duk sun faɗi tare, gaskit ne tsakaninsu. In an kai hedi makharaɗa, wato shagon masu injin sassaƙa ƙarfe, an gyara bawul, a injunan da ake saita tazarar bawul da hannu kamar Honda da yawa, a sake auna tazarar, bawul mai matsewa yana kawo karkarwa a silo.

Wani mu'allim zai ce maka sabon taudib ne, yi haƙuri ring ya zauna. Akwai gaskiya a ciki in maganar ɗan shan mai ce ko ɗan nauyin inji a kilomitocin farko, amma silinda mai fashin wuta, ko mota mai mutuwa a danja, ko LTFT a 20, tafiya ba ta gyara su.

In za ka koma warsha tafi da hotunan lambobin, da ɗan bidiyon allurar RPM lokacin da take yi, da takardar fatura, wato rasit, mai ɗauke da abin da aka canza. Je da safe kafin shago ya cika, ka ce mu'allim ga abin da na gani, ina so a fara da gwajin hayaƙi da duba alamomin taimin kafin a sayi wani abu, kuma duk kayan da za a canza a ba ka tsohon a hannu. In an gama kar ka karɓi makulli sai an bar ta ta yi zafi a gabanka, an kunna AC, an sa D an taka birki na minti biyu ko uku, ka sake soka OBD ka ga STFT da LTFT sun dawo kusa da sifili.